Ƙananan Ƙwari a Lambun Cikin Gida: A Duba Kafin a Yi Feshi

Jawabin da kwamitin noma ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Da aka ce kwamitin noma zai yi jawabi bana, da yawa sun zaci za mu sake tayar da maganar taki da tarakta da gyaran hanyar fadama. Waɗannan suna nan cikin rahoton da muka miƙa wa sakatare. Yau mun zaɓi mu yi magana a kan abin da ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wato ƙwarin nan da sai mutum ya sunkuya ya juya ganye kafin ya gan su. Dalilinmu shi ne, sanin kowa ne tsadar kayan miya ta sa da yawa daga cikinmu mazauna birni mun koma wa sana'ar iyaye, gwargwadon filin da gidan haya ya bari. Wani ya jera buhuna a bayan ɗaki ya shuka tumatur da attaruhu, wata ta cika tsohon bokiti da ƙasa ta sa alayyafo da na'a-na'a, wani ya kafa zogale da gwanda da lemon tsami a tsakar gida, ga kuma tukwanen furanni a baranda. Abin sha'awa ne ƙwarai. To amma koken da ke iso mana iri ɗaya ne: shuka ta taso gwanin kyau, rana ɗaya ganye ya naɗe, ya yi ɗorawa, fure ya zube. Idan muka tambayi abin da aka yi, amsar ma ɗaya ce, an ɗauko fiya-fiyar da ake kashe sauro da ita an zuba a ruwa an yayyafa. Wannan amsa ita ta hana mu yin shiru.

Mu fara da wanda iyayenmu suka sani tun kafin a haife mu, wato ƙwarin darɓa, waɗanda wasu ke kira ƙwarƙwatar ganye. Girman ɗaya bai cika wuce milimita 2 ba, jikinsa da taushi, akwai kore, akwai baƙi, akwai mai ruwan ɗorawa. Ba a samun sa shi kaɗai. Cincirindo suke yi a kan sabon tofo da ƙarƙashin ganye da gindin fure, kowanne ya kafa baki kamar allura yana zuƙar ruwan jikin shuka. Abin da suke sha ya fi ƙarfin cikinsu, saboda haka sukan fitar da ragowar a matsayin wani ruwa mai danƙo da zaƙi, shi ne darɓar da muke gani tana ƙyalli a ganyen dawa. Bayan 'yan kwanaki baƙar fumfuna ta hau kan danƙon, ganye ya koma kamar an shafa masa kunkunniya, hasken rana ya daina ratsa shi.

Abin al'ajabi game da wannan halitta shi ne yadda take yaɗuwa. A ƙasa mai zafi irin tamu macen ba ta jiran namiji, ba ta kuma yin ƙwai. 'Ya'ya take haifa rayayyu, dukkansu mata, kuma cikin mako guda ko abin da ya ɗara kaɗan kowacce ta isa haihuwa. Wanda ya ga goma ranar Juma'a ya ce bari sai ya samu sarari, idan ya dawo bayan Juma'a biyu ba zai iya ƙirga su ba. In wuri ya cika musu sai a fara haifar masu fiffike, su tashi su faɗa buhun maƙwabci. Akwai kuma alamar da ba ta ƙarya: duk lokacin da uwargida ta ga kiyashi ko tururuwa suna jerin gwano suna hawa jikin barkono suna sauka, to ta bi su da ido, za su kai ta inda darɓa take. Kiwon ƙwarin suke yi kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu, suna shan zaƙin, suna kuma kore duk wani ƙwaro da ya zo cin su.

Kada wani ya ce ai wannan maganar 'yar tukunyar baranda ce. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1975 baƙin ƙwaron darɓa, wanda ke kama wake da gyaɗa, shi ya yaɗa kuturtar gyaɗa a arewacin Nijeriya, har gonaki kimanin hekta 700,000 suka lalace. Akwai dattawa a wannan zaure da suka ga shekarar da idonsu. Ba mu ce shi kaɗai ya rushe dalar gyaɗa ta Kano ba, domin ga farin da aka yi a farkon shekarun 1970, ga kuma hankalin hukuma da ya koma kan man fetur, amma yana cikin waɗanda suka yi wa noman gyaɗa illar da ya daɗe bai farfaɗo ba. Darasin da ke ciki shi ne, ruwan da ƙwaron ke sha ba shi ne babbar ɓarnarsa ba. Cutar da yake ɗaukowa a bakinsa daga shuka mara lafiya ya kai wa mai lafiya ta fi muni.

Haka nan farin ƙuda yake. Shi gane shi ba wuya: a girgiza tumatur ko kuɓewa da hantsi, in aka ga wasu fararen abubuwa kamar ƙurar gari sun tashi sun sake sauka, to shi ne. Tsawonsa kamar milimita 1. A ƙarƙashin ganye yake ƙwai, 'ya'yansa kuma su lafe a wurin kamar ƙananan ɓawo, ba sa motsi. Shi ke ɗauko cutar da ke naɗe ganyen tumatur ya ƙanƙance ya yi ɗorawa a gefe, shi ne kuma ke yaɗa cutar da ke sa ganyen rogo ya yi dabbare-dabbare. A nan muna so a saurare mu da kyau, domin a nan ake asarar kuɗi. Shukar da irin wannan cuta ta riga ta shiga jikinta ba ta da magani a kowane shago. Ko an yi mata feshi sau goma ba za ta miƙe ba. Abin yi shi ne a tuge ta a binne ko a ƙone, don a ceci 'yan'uwanta. Mun san da ciwo mutum ya tuge abin da ya yi wata biyu yana ba ruwa da jarkar saye, amma barin ta shi ne asarar sauran.

Na uku shi ya fi wahalar da masu lambun birni, kuma shi aka fi jahilta, wato jan gizo-gizo. Bai kai rabin milimita ba. Manyansa ƙafa takwas gare su, don haka dangin gizo-gizo ne da kaska, shi ya sa da yawa daga magungunan ƙwari ba sa yi masa komai. Lokacinsa shi ne daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara, kuma wurin da ya fi so shi ne irin tsakar gidajenmu na birni, inda siminti da katanga ke mayar da zafi, iska ba ta ratsawa, ruwan sama ba ya wanke ganye. Alamar farko wasu 'yan ɗige-ɗige ne farare a saman ganye kamar an tsattsaga shi da bakin allura. Daga nan ganye ya yi ruwan ƙasa ya bushe, a ƙarshe a ga saƙa siririya ta lulluɓe kan shukar. Da yawa sukan ɗauka ƙishirwa ce ko rashin taki, su ƙara zuba taki, abin ya ƙara lalacewa. Gwajinsa mai sauƙi ne. A sa farar takarda a ƙarƙashin ganye a ɗan buga shi da yatsa, a zuba wa takardar ido. In ƙurar da ta zubo ta fara tafiya, a murje ta da yatsa, za a ga ta bar jan zane. A lokacin zafi mako guda ya ishe shi daga ƙwai zuwa babba.

Sai masu lafewa a jikin itatuwa da furanni. Akwai wanda ke lulluɓe kansa da wani farin abu kamar auduga, ya taru a hammatar reshe da wuyan 'ya'yan gwanda da gwaiba. Akwai kuma mai ɓawo, wanda ke manne a reshen lemo kamar ƙurji, har mutum ya ɗauka jikin itacen ne, sai an sa farce an ɓamɓare shi. Dukansu biyu suna fitar da darɓa, kuma rigar kakin da ke jikinsu takan sa ruwan magani ya zame bai taɓa su ba. Masu shuka albasa a buhu kuwa, in sun ga ganye ya yi zane-zane kamar azurfa, su buɗe tsakanin ganyen daga gindi, za su ga wasu siraran ƙwari suna gudu. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi daga ƙasar tukunyar fure a falo su nasu da sauƙi: yawan ban ruwa ne ya kawo su, a bar saman ƙasar ya bushe kafin a sake zuba ruwa, za su ragu da kansu.

Ba za mu wuce ba sai mun ambaci tsutsar tumatur da manoman rani ke kira sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, kafin shekara goma ta cika ta iso mu. A 2016 ta yi wa gonakin tumatur na Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatur, kuma duk wanda ya yi cefane a birni a shekarar bai manta ba. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka da ke yawo da dare. Tsutsar takan shige tsakanin fatar ganye ta cinye cikinsa, ta bar wani fili fari kamar leda da baƙin kashinta a ciki, ta kuma huda 'ya'yan. Tunda a ɓoye take, feshin sama bai cika isa gare ta ba. Mai buhu goma ya fi mai hekta goma sa'a a nan, domin zai iya bin ganyen ɗaya bayan ɗaya ya tsinke wanda ya kamu ya ƙone.

Jama'a, mun jero waɗannan ne don a ga cewa kowanne da halinsa, kuma kwalba ɗaya ba ta maganin su duka. Akwai kuma wani abin da mai gaggawar feshi ba ya sani, wato Allah Ya sanya wa kowane ɗayansu abokin gaba a cikin lambun nan. Ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya, ja ko ruwan lemo da ɗigon baƙi, wanda yara ke wasa da shi, yakan ci ƙwarin darɓa har kimanin 50 a yini. Ɗansa bai yi kama da shi ba ko kaɗan, dogo ne baƙi mai ɗigon ruwan lemo kamar ɗan ƙaramin kada, shi ya sa ake kashe shi bisa kuskure, alhali shi ma aikinsa ke nan dare da rana. In kuma aka ga wasu daga cikin ƙwarin darɓa sun kumbura sun bushe sun yi ruwan ƙasa, wasu da 'yar huda a baya, to wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ya yi ƙwai a cikinsu. Wannan albishir ne, kada a taɓa.

Irin wannan zanzaro ya taɓa ceton abincin miliyoyin mutane a nahiyarmu. A farkon shekarun 1970 wani ƙwaro mai farar auduga ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a jikin itacen rogo da aka kawo don dashe. Da yake ya baro maƙiyansa a can, sai ya bazu daga yankin Kongo ya mamaye ƙasashen da ke noman rogo. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Herren, da ke aiki a cibiyar IITA ta Ibadan, ya ƙi bin hanyar feshi, ya dage sai an nemo abin da ke cin ƙwaron a ƙasarsa ta asali. A 1981 aka gano shi a Faragwai, wani zanzaro da bai wuce ƙwayar gero ba. Aka yi kiwonsa aka sake shi, har da jirgin sama aka riƙa watsa shi, ya kuwa karya lagon annobar. A 1995 aka ba Herren babbar kyautar abinci ta duniya saboda wannan aiki. To wanda ya yayyafa guba a lambunsa irin waɗannan mataimaka yake fara kashewa, domin su ke yawo a fili, mai ɓarnar kuwa yana lafe a ƙarƙashin ganye. Bayan mako biyu ƙwarin su dawo fiye da da, ba mai tare su.

Me ya kamata a yi ke nan? Na farko dai ido. Sau biyu a mako, bayan sallar asuba ko da la'asar, a zagaya a juya ganye, musamman sabon tofo. Wanda idonsa ya yi rauni ya ɗauki hoto da waya ya buɗa shi, ko ya sa yara, su wannan wasa ne a wurinsu. In an gan su da wuri, yatsa da ruwa sun isa: a murje, a tsinke ganyen da ya cika, a watsa ruwa da ƙarfi daga ƙasa zuwa sama. Wankan nan kaɗai, in an dawwama a kansa lokacin hunturu, yana hana jan gizo-gizo sakewa. Mai farar auduga a jikin fure kuwa, a jiƙa auduga da sifirit a goge shi. Farin ƙuda yana son launin ɗorawa, saboda haka a yanka tsohuwar jarkar mai ruwan ɗorawa, a shafe ta da basilin ko giris, a rataye daidai tsayin shuka, zai zo ya manne. A kuma rage hannu wajen zuba yuriya, domin ganyen da ya yi lub-lub da yawan taki shi darɓa ta fi so.

In abin ya wuce nan sai sabulu. Babban cokali ɗaya na narkakken sabulun wanka mara turare ko sabulun salo a lita ɗaya ta ruwa. Ban da garin wanki, yana ƙona ganye. A fara gwadawa a ganye biyu ko uku a jira kwana ɗaya ko biyu, in ba su ƙone ba sai a fesa wa sauran, kuma lalle ruwan ya taɓa jikin ƙwaron, domin in ya bushe aikinsa ya ƙare.

Sai darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Itaciyar Indiya ce, an fara dasa ta a Barno a 1928, yau ga ta a kowane titi muna share 'ya'yanta muna zubarwa. Ƙarfin maganin yana cikin ƙwallon, ya fi na ganye nesa. A tsinci nunannun 'ya'ya a wanke a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar a daka. Rabin kilo na garin a lita 10 ta ruwa, ko giram 50 a lita ɗaya ga mai 'yan tukwane. A jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi, a ɗiga ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma a ranar, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, kuma da yamma ƙudan zuma sun koma gida. A nan ake bukatar haƙuri. Darbejiya ba ta zubar da ƙwaro nan take yadda ido ke so. Hana shi ci take yi, ta hana ƙananan girma, ta rage ƙwai. Sai an maimaita duk mako, sau uku ko huɗu, kafin a ga bambanci. Da yawa sukan fesa sau ɗaya, washegari su ga ƙwari na nan, su ce maganin gargajiya ƙarya ne.

Mu dawo kan fiya-fiya. Sinadarin da ke cikinta da cikin Sniper, wanda ake kira dikulobos, guba ne mai taɓa jijiyoyi, yana shiga ta fata, yana shiga ta numfashi. Saboda yawansa a cikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da manyan kantuna. To abin da Bature ya ƙi karɓa a wakensa, yaya za mu zuba shi a kan alayyafon da za a tsinka gobe a yi wa yara miya, a tsakar gidan da jariri ke rarrafe, kaji na kiwo? Ba mu ce a yi watsi da maganin zamani gaba ɗaya ba. In ta kama dole, a je wurin malamin gona da ganyen a leda a nuna masa, a sayi abin da ya dace da wannan ƙwaro, mai lambar NAFDAC, a cikin kwalbarsa ta asali. A dubi zanen launi da ke ƙasan takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. A karanta kwanakin da za a jira kafin a ci, a ƙirga su cif. Kada a ƙara awo don a ga aiki da sauri, kada kuma a juye saura a robar lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu. Ganyen da ake tsinka kullum, irin su zogale da na'a-na'a da latas, shawararmu ita ce kada a kusance su da guba sam.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi shafar garinmu kai tsaye. Duk sallah da duk biki motocinmu kan shigo gari ɗauke da dashen mangwaro da lemo da gwaiba da furanni da aka sayo a bakin titin birni, don a dasa a gidan gado ko a makaranta ko a masallaci. Niyya ce mai kyau, ƙungiya ma ta sha ƙarfafa ta. Amma mu tuna a jikin itacen dashe ƙwaron rogo ya ƙetaro teku. Dashe ɗaya mai ɗauke da farar auduga ko ƙwan farin ƙuda, in aka kafa shi kusa da fadama, 'yan'uwanmu da ke noman rani su za su biya, su kuwa ba sha'awa suke yi ba, abincin shekararsu ne. Saboda haka kwamiti na roƙon duk wanda zai kawo dashe gida ya saye shi mako biyu kafin tafiya, ya ajiye shi gefe guda nesa da sauran shuke-shukensa, ya juya kowane ganye, ya dubi hammatar reshe da ƙasar ledar, ya wanke shi da ruwan sabulu. Wanda ya ga alamar da bai gane ba ya bar shi a birni. Muna kuma roƙon shugabannin rassa su karanta wannan roƙo a taron wata-wata da ke gaban kowace sallah, kafin mutane su ɗaura kaya.